Dutsen Maganin Sidi

Ƙasar Fakku ba ƙasar dutsen kirki ba ce. Wanda ake samu a bakin fadama ja ne mai taushi, in an niƙa gero da shi sai a ci tuwo da yashi. Shi ya sa dutsen niƙa mai kyau daga nesa yake zuwa, mace kuma takan gaje shi wajen uwarta.

Sidi, mijin Bara'atu, rani bakwai ya yi yana zuwa haƙar kuza a Jos. Yakan tafi in an kai amfanin gona gida, ya dawo da hadarin farko. Ranin da ya biyo bayan samun mulkin kai shi ne na ƙarshensa. Ya dawo da tari, ya kuma dawo da wani dutse a ƙasan jakarsa. Baƙi ne ƙirin, ya cika tafin hannu, ga nauyi. A gefe guda yana da wani gurbi cike da ƙwayoyi kore masu ƙyalli, kamar an daka kwalba an cusa a ciki.

Bara'atu ta juya shi a hannu ta ce, "Mazan mutane na kawo atamfa, kai ka ɗauko dutse tun daga Jos?"

"Atamfa na nan cikin jaka," in ji Sidi. "Ita shekara biyu ta ƙare. Wanga ko jikokinki ba su ganin ƙarshenai."

Ba ta niƙa komai da shi ba. Ta ga ya yi kyau, kuma tsarabar miji ce, sai ta aza shi saman jerenta. Nan ya zauna fiye da shekara.

Tarin Sidi bai tafi ba. Da damina ta biyu ta kama, ya kasa riƙe fartanya. Yayarsa Hinde, wadda ke aure a unguwar gabas, ta samo magani wajen wani mai sassaƙe: ɓawon maɗaci da citta da jar kanwa, a niƙa a dama cikin kunun tsamiya safe da yamma. Ɓawon ya yi tauri, jan dutsen gida sai ɓarɓashewa yake yi cikin garin. Sai Bara'atu ta sauko da baƙin dutsen. Nan da nan ya mai da ɓawon lilis. Da yake ɗacin maɗaci yana kama dutse, ta keɓe shi ga maganin Sidi kaɗai. Ita da 'yarta Mardiya ba su taɓa cin abin da ya niƙa ba.

Wata uku tana niƙawa tana ba shi. Daga baya ciwon ciki ya haɗu da tarin, abinci ya ƙi zama. Ya rasu ranar wata Laraba da hantsi, gero ya fara fitar da kai.

Ranar sadakar bakwai Hinde ta shiga ɗakin tana taya Bara'atu gyara. Ta ɗauki dutsen a gindin gado, ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake.

"Da wanga kinka riƙa niƙa mai magani?"

"Da shi, Yaya."

Hinde ta sa farce ta kankari gurbin. Ta ce, "Koren ga awa na tasa. Haka ɗiyar Namadi ta Kebbe tay yi. Kunun tsamiya ya kwana cikin tasa mai kore, ta sha da safe, ba ta kai la'asar ba."

Tana faɗa ta rufe bakinta da hannu. Ta ajiye dutsen, ta ce Allah ya jiƙan Sidi, ta fita. Ba ta sake tayar da maganar ba.

Babu macen da ba ta san koren tagulla ba. Tun yarinya tana ƙarama ake koya mata ta goge tasa da ludayin tagulla da toka, kuma kada ta bar abu mai tsami ya daɗe a ciki, don wannan koren guba ne. Bara'atu ta ɗauki dutsen ta duba. Gurbin ya lotsa, ba kamar yadda ya zo ba. Koren da ya ragu ina ya tafi? Ita ta san inda ya tafi. Da hannunta ta dama shi cikin tsamiya, da hannunta ta tallafi kan Sidi ya sha.

Mai takaba ba ta fita, ba ta ado. Ta cire munduwarta ta tagulla ta jefa cikin wata tsohuwar tukunya a bayan gado. Laimar damina ta shiga tukunyar, kafin wata biyu munduwar ta yi kore. Kullum in Mardiya ta tafi gidan kakarta, sai Bara'atu ta fito da munduwar da dutsen ta jera su a tabarma tana kallo. Wata rana ta ga kamar sun bambanta. Washegari ta ga duk ɗaya ne.

Masu zuwa gaisuwa suna yaba haƙurinta, wai ko hawaye ba ta yi. Ba haƙuri ba ne. In ta buɗe baki za ta yi masa addu'a sai harshenta ya yi nauyi, tana jin kamar ba ta da bakin roƙa masa gafara. Ita da Hinde kuwa gaisuwa kawai ta rage tsakaninsu, kowa na kallon ƙasa.

Da ta fita takaba an riga an gama girbi. Ta ƙulle dutsen da munduwar a gefen zane, ta bi masu jakuna zuwa Kebbe, daga nan ta hau motar auduga zuwa Tambuwal, wajen yayanta Armaya'u da ke koyarwa a makarantar elemantare. Ta bari sai da safe, bayan ya karya kumallo, sannan ta durƙusa gabansa.

"Yaya, azumin sittin nika son in fara. Ka kai ni ga malami ya gaya mani yadda aka yi nai."

Armaya'u ya ajiye moɗa. "Azumin sittin na wanda yak kashe rai bisa kuskure ne, Bara. Wa kinka kashe?"

Ta kwance zanen, ta gaya masa komai tun daga jakar Sidi har maganar Hinde. Bai katse ta ba. Da ta gama ya ɗauki dutsen ya daɗe yana juya shi.

Ya ce, "Ni ƙidaya da karatu nika koya ma yara, ban san dutse ba. Malami ma tambayarki za shi yi ko guba ce, ke ko ba ki sani ba. Amma akwai wanda yas sani. In yac ce guba ce, ni da kaina zan kai ki ga malami."

A lokacin masu haƙar rijiyar burtsatse sun kafa zango a bayan gari, ƙarƙashin wata babbar tsamiya. Cikinsu akwai Malam Lauwali, mutumin Dogon Daji, abokin Armaya'u tun suna makarantar midil. Ya yi shekara uku a Jos da Kaduna yana koyon sanin duwatsu. Aikinsa shi ne duba lakar da inji ke fitowa da ita, ya faɗi irin ƙasar da aka kai da ko ruwa ya yi kusa. Suka same shi a rumfar kwano, hannu duk taɓo.

"Sarkin laka, an samu ruwan ko har yanzu kuna wahal da ƙasa?" in ji Armaya'u.

"Malamin yara, yau ka ba su hutun bulala ke nan?" Sai Lauwali ya hangi Bara'atu a baya, ya gyara murya, ya goge hannu, ya yi mata gaisuwar rashi. Ya kawo mata akwati ta zauna.

Armaya'u ya ba shi labarin a gajarce. Lauwali ya karɓi dutsen, tun bai kai shi ido ba ya ce, "Wanga ya sha tafiya. Duk ƙasar Sakkwato babu irinai. Na Jos ne, wajen tuddan da sunka yi aman wuta."

"Dutse na aman wuta?" in ji Bara'atu.

"Ya yi, tun zamanin da babu kowa. Kin san kashin maƙera, yadda yaka gudana ja jawur daga murhu, in ya huce ya koma baƙi? To haka wanga yaf fito daga cikin ƙasa a narke, ya malala, ya huce da sauri. Shi ne baƙin. Koren ko ya girme shi. Can ƙasa da nisa yay yi ƙwaya sannu a hankali, baƙin yat taho da shi sama."

Ita ba wannan ta zo ji ba. Ta ajiye munduwar kusa da dutsen ta ce, "Malam, ga su nan. Wata biyu ina dubinsu. Koren ga da koren ga, ɗaya ne ko ba ɗaya ba?"

"Ba ɗaya ba ne, ƙanwata. Amma in na faɗa da baki, kin koma Fakku da shakka. Bari mu gwada ki gani da idonki."

Ya miƙa hannu zai ɗauko wata 'yar kwalba mai murfin gilashi. Bara'atu ta ce, "Ban san ruwan kwalbarka ba. Ni da tsamiya nib ba shi."

Lauwali ya tsaya, ya dube ta, ya mayar da kwalbar. Ya ce, "Ta fi ni gaskiya. Malam, ga gora can, kaɗo muna tsamiya."

Haka Armaya'u, da farar rigarsa ta zuwa makaranta, ya tsaya yana dukan reshe, busassun ganye na zuba masa a hula. Bara'atu da kanta ta ɓare tsamiyar, ta jiƙa da ruwan zafi daga butar shayin Lauwali, ta tace kamar yadda take yi wa Sidi. Aka raba cikin kofuna biyu na gilashi, aka sa gishiri kaɗan. Lauwali ya kankare koren munduwa da wuƙa cikin kofi ɗaya. Ya sa ɗan guduma ya ɓalli ƙwayoyin dutsen, ya daka su sun zama gari, ya zuba cikin ɗayan, har ya fi na munduwar yawa. Sannan ya ɗauko ƙusa biyu, ya goge su da yashi har suka yi fari fes, ya jefa ɗaya cikin kowane kofi.

Ya ce, "Tsami na narkar da koren tagulla, shi ya sa yaka shiga kunu. In tagulla ta narke cikin ruwa ta samu ƙarfe, sai ta bar ruwan ta hau bisanai. Ƙusa za ta gaya muna. Sai dai tana son lokaci."

Bara'atu ta kafa wa kofunan ido. Lauwali ya ga in an bar ta haka za ta zauna har azahar, sai ya buɗe wani akwatin katako ya fito da madubin likita, irin mai faifai a tsakiya. Ya ɗiga mai a kan ɗan gilashi, ya barbaɗa sauran garin dutsen, ya karkata madubin ƙasa ya kamo rana.

"Rufe ido guda ki leƙa."

Ta leƙa. Garin da take gani kamar toka ya zama manyan gutsattsari, garau kamar ruwan rijiya, haske na ratsa su. Koren ma da ƙyar ake ganinsa. Lauwali ya tura wani ɗan ƙarfe a jikin madubin, sai wurin ya yi duhu, gutsattsarin kuma suka kama launi: wani shuɗi, wani ja kamar zoɓo, wani rawaya.

Ta ɗago kai da sauri. "Mi ka sa ciki?"

"Ban sa komai ba. Haske ne. Ƙwayar ga in haske ya shige ta sai ta raba shi biyu, wani ya riga wani fita. In sunka haɗu sama sai launi ya fito. Kama faifan ki juya da hannunki."

Ta juya a hankali. Shuɗin ya dushe ya mutu, ya sake dawowa. Kafin faifan ya zagayo ya mutu sau huɗu, ta ƙirga. Sai ya canja gilashin, ya sa mata na munduwa. Wannan dunƙule-dunƙule ne kamar gansakuka, kore mai kauri, ba ta iya ganin komai ta cikinsa.

"Turawa na ce ma na dutsen olibin," in ji Lauwali. "Larabawa ko, in an samu babba mai tsabta, zabarjadi suka ce mai."

"Zabarjadi?" in ji Armaya'u. "Wanda aka faɗi wurin tafsiri? Bara, da shi kinka niƙa maɗaci?"

"Na talakawa ne wanga, kada ka sa rai," in ji Lauwali. "Abu uku ne cikinai. Akwai sinadarin yashi, akwai wani farin sinadari irin na maganin ciki da aka ba mutane disfensa, sai ƙarfe kaɗan. Ƙarfen ne yab ba shi kore."

Bara'atu ta girgiza kai. "Ƙarfe baƙi ne, Malam. In ya yi tsatsa ja ne. Ban taɓa ganin koren ƙarfe ba."

"Cikin mi kika ajiye man gyaɗa?"

"Kwalba."

"Wane launi?"

Ta ce, "Koriya."

"Ƙarfe ne cikin gilashin yas sa ta kore. Shekara nawa kina cin man?"

Aka kira azahar daga cikin gari. Mazan suka yi alwala suka tafi gindin tsamiya inda ma'aikata suka yi sahu. Bara'atu ta yi tata sallar a bayan rumfa. Ta idar ta zauna a kan tabarma, ba ta kalli teburin ba. Tana jin ƙarar injin ya tashi, ya mutu, ya sake tashi.

Da suka dawo Lauwali ya miƙa mata cokali ya ce ita za ta tsamo. Ta fara da kofin munduwa. Ƙusar ta fito ja, launin sabuwar tasa, tun daga kai har tsini. Ta ajiye ta a kan takarda. Ta sa cokalin cikin kofi na biyu. Ƙusar ta fito yadda ta shiga, sai dai ta ɗan dushe. Ta goge ta da gefen zane, ta juya ta ta kowane ɓangare. Babu ja ko ɗigo. Garin dutsen kuwa yana kwance a ƙasan kofin kamar yashi, bai narke ba.

"Ko ba ta daɗe ba ne?" in ji ta.

"Tare sunka shiga. Ko ta kwana bakwai haka za ki ganta. Babu tagulla cikin dutsen ga, ƙanwata."

"Ciwon cikin da yay yi fa?"

"Wannan ban sani ba, ni ba likita ba ne, kuma ban gan shi ba. Tarin dai na san shi. Na zauna cikin masu kuza, na ga waɗanda sunka koma gida da shi, da yawa ba a sake ganinsu ba, kuma ba wanda yan niƙa masu komai da dutse. Abin da yak kashe mijinki Allah ya sani. Abin da ni nis sani, ba wanga ba ne."

Ta ci gaba da kallon kofin. Lauwali ya ɗauke shi, ya motsa da cokali har garin ya tashi, ya yi bisimilla ya shanye duka. Ya yamutsa fuska.

"Malam, tsamiyar garinku ta cika tsami. Gishiri ma ya yi yawa."

Armaya'u ya yi dariya. Bara'atu ta buɗe baki za ta yi godiya. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, kukan da ya yi wata huɗu yana jira ya zo. Mazan biyu suka fita daga rumfar suka tsaya can wajen injin suna duban laka. Ba wanda ya ce ta yi haƙuri. Ta yi mai isarta, tana cewa Allah ya jiƙan uban Mardiya, Allah ya jiƙansa, harshen kuma bai yi nauyi ba.

Kwana uku ta yi a Tambuwal. Matar Armaya'u ta goge mata munduwar da toka har ta yi haske, ta sa ta a hannu. Ranar da ta isa Fakku ba ta fara sauka gida ba, sai ta zarce unguwar gabas. Ta sami Hinde tana sussukar dawa a tsakar gida. Bayan gaisuwa ta kwance zane ta ajiye ƙusa biyu a kan faifai, ja da fara, ta ba ta labari yadda ta iya. Ta manta sunan Turawan, amma ba ta manta kwalbar man gyaɗa ba, ko yadda malamin ya shanye kofin.

Hinde ta ɗauki farar ƙusar ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Tun ranar nan nika cizon harshena. Ni nik kawo maganin, ni nic ce ki dama da tsamiya. Da guba ce, ai mu biyu ne."

"Ba ki taɓa gaya mani ba, Yaya."

"Ke kin gaya mani?"

Kaji na tsattsagar dawa ba wanda ya kore su. Can Bara'atu ta tashi ta nemi ruwa da toka ta wanke baƙin dutsen da ta zo da shi. Ta ce a ba ta barkono da daddawa. Ta durƙusa a kan dutsen niƙan Hinde ta niƙa yaji da shi, ta lakata ta sa a baki. Ta miƙa wa Hinde. Hinde ta lakata ta ɗanɗana, ta taɓe baki.

"Har yanzu da sauran maɗaci."

"Sai an yi mai wanki uku," in ji Bara'atu.

"To ki wanke. Amma wanga kada ki zubar, barkono tsada garai. Zuba shi cikin miyar."

Ta kwashe yajin da bayan wuƙa ta zuba a tukunya. Da la'asar suka ci tuwon tare a kwano ɗaya, da ɗacinsa.